Salatin ƙwai a zafin Damagaram: mayonez, kindirmo ko ƙuli-ƙuli?

Dafaffen ƙwai biyu, albasa, tumatir, ɗan ganye da gishiri: a kan wannan ba a gardama. Inda ake rabuwa shi ne abin da za a kwaɓa su da shi. Yawancin gidaje kwalbar mayonez ake jawowa, tunda da ita muka saba ganin salati a biki da buɗa-baki. Waɗanda likita ya ce su rage maiƙo sun fara komawa kindirmo ko yawur. Sai kuma hanyar da iyayenmu suka daɗe suna kwaɗa zogale da rama da ita, wato garin ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa da yaji da lemun tsami. Duka ukun suna shiga da ƙwai, amma aikinsu a jiki ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ba ɗaya ba, haka ma yadda suke jure awowin da ke tsakanin fita aiki da azahar. Na ƙarshen nan ya fi tsaya mini a rai, domin a garin nan zafin Afrilu da Mayu yana kai digiri 40 har ya gota, wuta kuma ba kullum take tsayawa ba.

Ƙwan kansa abinci ne mai albarka. Babban ƙwan kaza, mai nauyin kamar giram 50, yana ɗauke da furotin, wato abin gina jiki, giram 6, maiƙo giram 5, da kalori, ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 70. Biyu ke nan sun ba ki furotin giram 12 a kan kalori 140, ga bitamin A da D da B12. Abu biyu ya rasa: ba shi da bitamin C ko kaɗan, ba shi kuma da wannan dusa-dusar da ke cikin ganye da wake mai sa ciki ya saki. Shi ya sa ƙwai zalla da burodi bai cika abincin rana ba sai an haɗa shi da kayan lambu. Batun kolestarol kuwa, wato maiƙon nan da yawansa a jini ke iya toshe jijiyoyi, gaskiya ne gwaiduwa ɗaya tana da kusan miligiram 186, amma tun 2015 hukumomin Amurka suka cire iyakar miligiram 300 a rana daga jagorar cin abincinsu, bayan an ga cewa a wurin mafi yawan mutane kitsen nama da man shanu da ire-irensu sun fi ƙwai tada kolestarol ɗin jini. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya shi kam ya tambayi likitansa yawan da zai ci a mako.

Irin ƙwan da za ki saya ma yana da magana, ko da yake ba doguwa ba. Na gidan gona, wanda ake jerawa a kwali mai ɗaukar 30, shi ne babba, ana samunsa rani da damina. Matsalarsa hanya: wani ya sha doguwar tafiya a mota, ya kuma yi kwanaki a shago cikin zafi kafin ya iso hannunki. Na kajin gida ƙarami ne, uku kan tsaya a madadin biyu, kuma akan yi rashin sa'a a haɗa da wanda kaza ta fara kwanci a kai, har da baragurbi. Ƙwan zabi ɗan damina ne. Da ruwa ya zauna za ki ga ƴan ƙauye suna shigowa da shi a ƙwarya, ya yi araha. Ɓawonsa yana da kauri, ya fi jure ajiya da jijjigar hanya, gwaiduwarsa kuma tana da girma idan aka auna da farinsa. In lokacinsa ne, shi nake zaɓa. Amma kada jan gwaiduwa ya sa ki biya kuɗin da ya wuce ƙima, domin launin daga abin da tsuntsuwar ta ci yake zuwa, furotin ɗin kusan ɗaya ne. Kowanne kika saya, ki saka shi a kwanon ruwa: wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne, wanda ya miƙe tsaye ya kwana biyu amma yana ciwuwa, wanda ya taso sama ki yar da shi.

Dafuwa minti 10 zuwa 12 ce bayan ruwa ya tafasa, sannan ki tsoma shi a ruwan sanyi don ya ɓaru da sauƙi. Gwaiduwa ta daskare sarai, kada ta yi ruwa-ruwa. Idan kika ga kore-kore ya zagaye ta, dafuwa ce ta zarce; ba guba ba ce, bushewa kawai take sawa.

To, mayonez. Man girki ne aka kaɗa da gwaiduwa da binegar har ya kama jikinsa. Kashi biyu cikin uku na abin da ke kwalbar, sau da yawa ma fiye, mai ne tsantsa. Babban cokali ɗaya yana da kalori 90 zuwa 100, ƙwai biyu da kayan lambu kuwa ba sa kwaɓuwa sosai da ƙasa da cokali biyu. Ke nan mayonez ɗin kaɗai ya doshi kalori 200, ya zarce ƙwan da aka yi salatin dominsa, ba tare da ya ƙara wani furotin na a-zo-a-gani ba. Ga mai neman rage ƙiba, ko mai wuni a zaune a biro ko shago, wannan ba ƙaramin abu ba ne idan kullum ne. Ga yaro mai rama, ko wanda ya tashi daga jinya yana son abin da zai wuce maƙogwaro da sauƙi, ko mai aikin ƙarfi, maiƙon ba aibi ba ne, taimako ne ma. Daɗinsa kuwa ba a musunsa. Yana lulluɓe komai da santsi, yana kashe kaifin ɗanyar albasa, kuma shi ne wanda yara ba sa turo wa baki.

Akwai wani laifi da ake ɗora masa wanda ba nasa ba ne, cewa shi ke ɓata ciki idan salati ya sha rana. Na kwalba, wanda masana'anta ta yi, da ƙwan da aka riga aka ɗumama da zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta ake haɗa shi, ga tsamin binegar da ke hana su hayayyafa. Abin da ke lalacewa shi ne yankakken ƙwan, da abin da hannu da wuƙa suka shafa masa. Wanda ake kaɗawa a gida da ɗanyar gwaiduwa shi ne abin tsoro, saboda ƙwayar salmonela mai kawo zazzaɓi da gudawa. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi kada su kusance shi, komai tsabtar wadda ta kaɗa. Raunin na kwalba yana zuwa ne bayan an buɗe: firiji yake so, ga shi cokali yana shiga yana fita. Kwalbar da ta wuni a buɗe a kan tebur cikin rana, cokali ɗaya yana zirga-zirga tsakaninta da burodi da kifin gwangwani, ba ta kai wadda ba a taɓa ba. Idan ba ki da firiji mai tsayawa, ƙananan ledojin nan na ci-ɗaya sun fi babbar kwalba amfani, ko da lissafinsu a cokali ya fi tsada.

Kindirmo shi ne kishiyar mayonez a ma'auni. Cokali biyu kalori kamar 20 ne, kashi ɗaya cikin goma ke nan, ga ɗan furotin da kalsiyam mai gina ƙashi. Tsaminsa yana yin aikin lemun tsami, kuma mutane da yawa da madara ke kumbura wa ciki suna shan kindirmo lafiya lau, domin ƙwayoyin da suka daskarar da shi sun riga sun cinye wani kaso na sugan madarar. Sai dai yana da halinsa. Yawur ɗin leda da ake sayarwa a shaguna galibi da suga yake zuwa, suga kuwa ba ya jituwa da ƙwai da albasa. Dole ki nemi marar zaƙi. Sannan da ya haɗu da gishiri da tumatir sai ya tsinke, cikin ɗan lokaci ki ga ruwa ya kwanta a gindin kwano. Maganin wannan shi ne ki juye shi a ƙyalle mai tsabta bisa rariya, ki bar shi a firiji ruwan ya tsane har ya yi kauri, sannan ki murƙushe gwaiduwa ɗaya a cikinsa da ɗan masoro da tafarnuwa. Ƙaramin cokalin man gyaɗa yana ƙara masa santsi, kuma jiki yana buƙatar ɗan maiƙo kafin ya iya ɗibar bitamin A daga karoti da ganye. Idan maigida ya saba da mayonez ya ƙi wannan, ki yi sulhu: cokali ɗaya na mayonez, biyu na kindirmo. Ɗanɗanon ba ya nisa da wanda ya sani, maiƙon kuwa ya ragu da kusan rabi.

Abin dubawa a nan shi ne asalin nonon. Kindirmo na ƙwarai da dafaffiyar madara ake yinsa, a tafasa ta, a bar ta ta huce, a zuba ɗan tsohon kindirmo, a rufe ta kwana. Nonon da ba a dafa madararsa ba yana iya ɗauko cutar da ke jikin dabba, irin su burusela mai sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da tarin fukan shanu, kuma tsami kaɗai bai isa a dogara da shi ya kashe su ba. Idan kina da wadda kika saba saye a wurinta, kin san tana dafawa, kin san ba a ƙara masa ruwa, to madalla. In ba haka ba, yinsa a gida ba wuya: ki tafasa ruwa, ki bar shi ya sauko ya zama ɗumi-ɗumin da yatsa zai jure, ki dama madarar gari da kauri, ki sa cokali ɗaya ko biyu na yawur, ki rufe. A zafinmu awa shida zuwa takwas ya kama.

Ƙuli-ƙuli kuwa namu ne tun daga gona. Ƙasar Magarya da Matamai ƙasar gyaɗa ce, kuma ba unguwar da za ki shiga a Damagaram, Birni ne ko Zango ko Garin Malam, ki rasa gidan da ake matsar mai ana soya ƙuli. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gyaɗa furotin ne. Idan aka matse man, tunkuzar da ta rage ta fi gyaɗar ma furotin awo da awo. Saboda haka cikin ukun nan shi kaɗai ne ke ƙara wa salatin abin gina jiki na sosai, ya kuma kawo dusa-dusar da ƙwai ya rasa. Wanda ya ci kwaɗon ƙuli da azahar yakan kai la'asar bai nemi wani abu ba. Haɗinsa: ki daka ƙuli ki tankaɗe, ki ɗibi babban cokali biyu, ƙaramin cokalin man gyaɗa ɗaya, rabin lemun tsami, ɗan yaji. Ki fara cakuɗa shi da tumatir da albasa da ganyen, ruwan tumatir ɗin ne zai jiƙa garin. Ƙwan a ƙarshe zai shiga, ki raba shi gida huɗu ki ɗora, kada ki murƙushe. Gwaiduwa da garin ƙuli idan suka cuɗu suna bushewa su tsaya a wuya, shi ya sa wasu ke gwadawa sau ɗaya su ce bai yi ba.

Shi ma ba a rasa shi da abin lura. Ƙuli soyayye ne, akwai sauran mai a jikinsa. Idan kika ƙara babban cokalin man gyaɗa, wanda shi kaɗai kalori 120 ne, kin kamo mayonez ba ki sani ba. Da ƙaramin cokali ne yake zama tsakanin mayonez da kindirmo. Gishiri ma yana ɓuya a cikinsa: akwai a ƙulin, akwai a yajin, sau da yawa har da magi a daka, sai kuma a zo a ƙara barbaɗa wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da na miya da na burodi. Mai hawan jini ya daka ƙulinsa da yajinsa ba gishiri, ya bar lemun tsami ya ta da ɗanɗanon. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne gyaɗar da ta yi hunhuna. Hunhunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, suya kuma ba ta kawar da ita. Ƙulin da ya yi ɗaci, ko yake warin rima, ko ya yi laushi don ya sha danshin damina, ba na ci ba ne. Ki sayi naki wurin wadda kika san tana tsince gyaɗarta, tana fitar da ruɓaɓɓu da ƙanƙamammu kafin ta soya. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburin baki kuwa, wannan hanyar ba tasa ba ce sam.

Yanzu ga inda zaɓin yake yankewa. Ƙwayoyin cutar abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma idan suka sami abin da suke so, danshi da furotin da ɗumi, wasunsu suna ninkuwa cikin kowane minti 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi ba zafi. Ma'aikatar noma ta Amurka ta rage shi zuwa awa ɗaya idan zafin wurin ya haura digiri 32, wanda a nan yawancin ranakun shekara ne. Ki lissafa: salatin da aka haɗa da ƙarfe bakwai na safe, aka rufe a roba, aka ɗora a kan babur, aka buɗe bayan sallar azahar, ya yi awa shida ko bakwai. Mayonez ne a ciki, kindirmo ne, ƙuli ne, ba wanda ya tsira, tunda ƙwan da yankakken tumatir ɗin ne ke lalacewa. Hanci ma ba ya kama wannan. Akwai ƙwayar sitafilokokus da ke zaune a fata da hancin mutane masu lafiya. Daga yatsa take sauka kan ƙwai lokacin ɓarewa, ta saki gubar da ba ta wari, ba ta canza launi, ɗumamawa kuma ba ya kashe ta. Ita ce ke sa amai ya taso wa mutum awa biyu ko uku bayan cin abinci, a ce rana ce ta buge shi.

Saboda haka mai tafiya da abincinsa kada ya haɗa tun safe. A nan ne ƙuli ya yi wa sauran fintinkau, don shi busasshe ne. Garin ƙuli da yaji a ƴar kwalba, tumatir da albasa da lemun tsami a wanke ba a yanka ba, duk za su wuni a jaka ba abin da zai same su. Kindirmo ba zai yi wannan ba. Mayonez sai in na ƙaramar leda ne da ba a ɓula ba. Saura ƙwan. Mutane da yawa suna ɗauka dafaffe ya fi ɗanye jimiri, alhali akasin haka ne. Ɗanyen ƙwai yana da wani siririn rufi a bayan ɓawonsa da ke toshe ƙananan ƙofofinsa, tafasa kuwa wanke shi take yi. Dafaffen da ba a ɓare ba, ɓawonsa bai tsage ba, ya fi yankakke aminci nesa ba kusa ba, amma shi ma ba a so ya wuni a zafi. Abin da ya fi shi ne a tafi da ɗanye a dafa da rana. Inda ake da butar lantarki ko ɗan gas a wurin aiki, minti 12 ne. Inda babu, mai shayin da ke bakin ƙofa zai jefa maka biyu a ruwan zafi idan kun saba. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ɓare, ka yanka, ka kwaɗa, ka ci nan take. Ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya kusa da Jami'ar André Salifou, ko ɗan kasuwar da ba ya barin rumfarsa, ba ya buƙatar abin da ya wuce wuƙa da kwano.

Wadda ta fi son ta haɗa a gida ta aika, sai da sanyi na gaske: ta sanyaya salatin a firiji tukuna, ta sa robar a kula tare da ƙanƙarar leda biyu ko uku, a kuma ci kafin ƙanƙarar ta narke. A firijin da ke riƙe ƙasa da digiri 5, haɗaɗɗen salatin ƙwai yana kwana uku zuwa huɗu, dafaffen ƙwai da ɓawonsa yana mako guda. Amma wannan lissafin na firijin da wuta ba ta yanke masa ne. Idan aka ɗauke wuta, wanda ba a buɗewa yana riƙe sanyinsa kamar awa huɗu ne kawai. Shi ya sa ni ban ba da shawarar a yi na kwana uku a ajiye ba. A yi na ci ɗaya. Tukunyar nan da ake sakawa cikin wata tukunya a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana da amfani ƙwarai a busasshiyar iska irin tamu, tana tsawaita kwanan tumatir da tattasai da ganye. Sai dai sanyinta ba ya sauka inda za a amince mata da yankakken ƙwai.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai cin abincinsa a waje, ƙuli. Wadda ke gida, tana da kindirmon da ta yarda da shi, kuma za a ci da an haɗa, kindirmo, musamman idan akwai mai ƙiba ko mai hawan jini a gidan. Mayonez na bar shi ga ranar baƙi, ko cokali ɗaya cikin kindirmo, ko ga wanda ake so ya yi kumari.

Kayan lambun kuma lokaci ne ke zaɓa miki. Daga Disamba zuwa Maris lambunan Mirya da Gidimuni da Matamai suna cika Kasuwar Dole da salati da tumatir da karoti da shu, wato kabeji, duk da araha. Lokacin ne za ki cika kwano da ganye har ƙwan ya zama ado a sama. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana, kwano ɗaya mai kyau yana kai ki rabin hanya. Tsakanin ganyen salati da shu, a garin da kowa ya san darajar jarkar ruwa, shu ya fi sauƙi. Salati ganye-ganye ake wanke shi, sau biyu ko uku, saboda ƙasa da ruwan ban-ruwa da taki suna shiga kowane lungu nasa, kuma ɗanye za a ci. Shu kuwa ki ɓalle na waje biyu ko uku, ki ɗauraye sauran, shi ke nan. Karoti da kokwamba ki fere. Shu ya fi jure zafi bai yi yaushi ba, yana da bitamin C fiye da salati, kuma ba ya sakin ruwa da sauri cikin kindirmo. Albasa kuwa, jar nan ta Galmi ba ta da na biyu a ɗanye. Idan kaifinta ya yi miki yawa ki jiƙa ta a ruwan lemun tsami minti kaɗan.

Da bazara ta shigo salati ya yi wuya, tumatir ya yi tsada, sai zogale. Da damina kuma ga shi ɗanye shar, ga rama, ga tafasa, daidai lokacin da ƙwan zabi ya yawaita. Dafaffen zogale da ƙuli da ƙwan zabi uku abinci ne cikakke, yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A da kalsiyam, kuma duk kayan daga ƙasar nan suka fito. Mayonez ba ya shiga da zogale, yana mai da shi caɓa-caɓa. Kindirmo yana ɗan yi idan an matse ganyen sosai. Zogalen ma dafaffe ne, don haka dokar awa biyun nan ta hau kansa.

Abin da za a ci da shi yana iya gyara lissafin ko ya rushe shi. Dogon burodin nan fari yana saurin ta da sugan jini, yana kuma saurin barin mutum da yunwa. Rabin abin da aka saba ci ya isa. Dafaffen wake ya fi shi, haka dafaffen dankali, haka ɗan dambu. Mai ciwon suga ya fi samun kwanciyar hankali da wake da shu. Shayin bayan azahar kuma a ɗan jinkirta shi kamar awa ɗaya, domin yana hana jiki ɗibar sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye da wake, lemun tsami kuwa taimaka masa yake yi. Wannan ya fi shafar mata masu ciki da masu shayarwa da ƴan mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi damu.

Har yanzu a wasu gidaje ana hana yara ƙwai, wai zai koya musu sata. Wannan camfin yana raba yaro da abin gina jiki mafi sauƙin samu a gidansu, alhali tun daga wata shida ana iya murƙushe masa dafaffen ƙwai a kunu ko fate. Amma jakar ɗan lakwal ba wurin salatin ƙwai ba ce. Rataye take a aji mai rufin kwano tun safe, kuma cikin yaro bai kai na babba juriya ba. Ki ba shi ƙwansa da zafinsa kafin ya fita, ki sa masa ƙuli da dabino ko lemu a jaka, salatin kuma ki haɗa idan kin ji sallamarsa. Abin da ya rage a kwano bayan an tashi, idan ba zai shiga firiji nan take ba, kada a ajiye wa ƙannensa zuwa la'asar.